Tattakin Karbala da Ban Yi Ba

Yozgat, Turkiyya, 4 ga Fabrairu

Zuwa ga yayata Najiha,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da duk mutanen Basra.

Turkawa sun hana ni mafaka. Takardar ta ce maganata ba abin gaskatawa ba ce. Ni Falih, da na fara da tallar ƙanƙara a bakin titi har na mallaki maɗaba'a mai injuna uku, yau ni aka kira maƙaryaci, har da hatimi.

Ga inda gizo ya yi saƙa. Ranar tambayoyi na sa kwat ɗina ta zuwa ɗaurin aure. Tafintar yarinya ce, sa'ar 'yarki. Jami'in ya ce, me aka yi maka a kwana goma sha taran da aka tsare ka kan buga hotunan samarin da aka kashe a zanga-zanga? Na dubi yarinyar, na ce, "Alhamdulillahi, tambayoyi ne kawai." Sai ya juyo mini da kwamfuta. Ga ni a ƙofar gidanki, ƙafafu a naɗe, ga rago, ga ƙyalle an rubuta "Barka da dawowa daga tattakin Karbala." Ashe maƙwabcinmu Sattar ya sa hoton a intanet.

Lauyata Nurjan ta kai ƙara kotu, tana son shaidarki a rubuce. Ki rubuta abin da ya kamata, ki bar wanda bai kamata ba.

Ƙanenki,
Falih

Basra, 1 ga Maris

Falih, mai taurin kan jaki,

Muna lafiya, yara na gaishe ka.

Wanne ne bai kamata ba? Ni na tsinto ka bayan kasuwar kifi, tafin ƙafarka kamar dakakken nama. Kai ka riƙe mayafina kana cewa, "Yaya, kada unguwa ta ji an kwantar da ni an dake ni." Lokacin ziyarar Arba'in ne, jama'a na ta tattaki, shi ya sa na ce ka tafi Karbala a ƙafa. Tsofaffi suna shafa ƙafarka don neman tabarraki, kai kuma har da ba su labarin shayin hanya! Ƙaryar ta yi kyau, ga shi har Turkawa sun haɗiye ta.

Na rubuta komai, har abin da na gani ranar da na wanke wandonka. Ka yi fushi in ka ga dama. Wannan karon ka buɗe baki, gashin baki ba ya tare harsashi. Baƙar motar mutanen da suka ɗauke ka ta sake zuwa maɗaba'a ranar Talata, suna tambayar yaushe za ka dawo.

Allah ya tsare mini kai.
Najiha

Yozgat, 20 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ki.

Na faɗa. Duka. Har takalmi na cire a gaban alƙali, ya ce in mayar, nan ba asibiti ba ne. Wai aikinsa ya duba ko jami'in ya bi doka, ba ya saurari sabon labari ba.

Lauyan gwamnati ya ce labarai biyu ne. Ɗaya yana da hoto da rago da unguwa guda ta shaidu. Ɗayan sai bayan an hana ni ya ɓullo, shaidarsa guda, yayata, wadda ta rubuta da hannunta cewa ta iya shirya ƙarya. Likita kuma ya ce tabon yana iya zama na duka, yana iya zama na doguwar tafiya.

Tafintan wannan karon namiji ne, ɗan Bagadaza. Tun da na kai kan maganar wandon bai sake haɗa ido da ni ba. Abin da na ɓoye shekara biyu na zube shi a ƙasa, ba wanda ya sunkuya ya ɗauka.

Nurjan ta ce mu jira hukunci. Ki sa ni a addu'a.

Falih

Yozgat, 9 ga Yuli

Yaya,

Gaisuwa.

An kori ƙarar. Jirgin Alhamis za su sa ni, su mayar da ni gida. Kada ki zo tarbata, kada ki sayi rago.

In an kwana biyu ba ki gan ni ba, kada ki ce na tafi ziyara. Ki fito ƙofar gida ki faɗi wanda ya ɗauke ni, da abin da suka yi mini wancan karon. Ki fara da Sattar, shi ya iya sa abu a intanet.

Ki yafe mini.

Ƙanenki,
Falih