Sunan Hadiza ba aski

Dogon Dutsi, daren Laraba, damina

Yau aka raɗa wa ɗiyata suna a ƙauye, ni da ita muna asibiti. Bakwaini ce, tana kwance cikin auduga tsakanin kwalaben ruwan ɗumi. Inna, uwar mijina, ta zo da wanzami. Ungozomar da ke auna ta kullum, don a gano abin da ke rayar da irinta, ta hana aski. Ta ce sanyi zai kama ta.

Inna ta ce, "Rabi, a gidanmu ba a taɓa suna ba aski."

Na ce, "Inna, a bar mata gashin, ba ta da tsokar jure sanyi."

Ta tafi da fushi. Hadiza dai tana numfashi. Ya Allah, yaushe zan ji nauyinta a bayana?