Maganin Ƙwari a Buhun Auta

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Na kira ka sau uku ba ka ɗauka ba, shi ya sa na koma takarda.

Akwai matsala. Cikin kwana goma an kawo mini kyanwoyi shida asibiti, duk ciwo iri ɗaya: yawu na dalala, jiki na karkarwa, ƙwayar ido ta tsuke. Huɗu sun tashi, ɗaya ta mutu, ta Malama kuwa tana kwance ana yi mata ƙarin ruwa. Malamarmu ta aji uku nake nufi, wadda tun rasuwar mijinta kyanwar nan ce abokiyar hirarta. Duk shidan abincin da kake haɗawa suke ci, wanda ni da bakina na ce wa masu su su saya, a kantar asibitina. Na aika da kaɗan ɗakin gwaji. Kafin sakamako ya fito, faɗa mini gaskiya, me ka sa a ciki? Kar ka yi mini wannan kame-kamen naka.

Ka gaida mutan gidan.
Yayarka

Zuwa ga Yaya Likita,

Bayan gaisuwa da girmamawa, takardarki ta iso. Ƙarar injin niƙa ce ta hana ni jin waya.

Abin da nake sawa kin san shi: busasshen kifi, garin masara, garin ƙashi da ɗan mai. Shekara biyu ban canja ko cokali ɗaya ba. Ki bincika ko maƙwabtansu na zuba maganin ɓera, kyanwa ai ba ta zama wuri ɗaya. Gaskiya raina ya sosu da kika fara da ni. Allah Ya ba ta Malama lafiya.

Na bar ki lafiya.
Ƙanenki

Auta,

Ina gaisuwa. Ga takardar ɗakin gwaji nan na haɗo maka. Maganin ƙwari ne, irin wanda ake fesa wa gona, kuma a cikin abincin yake, ba a gidan maƙwabta ba. Ko kaɗan ne, in dabba na cinsa kullum sai ya kayar da ita.

Kyanwar Malama ta mutu shekaranjiya.

Na zauna da niyyar in wanke ka tas, sai na ga ba ni da bakin magana. Tun kyanwa ta uku na zargi abincinka. Na ɗauki leda ɗaya na jujjuya ta, na mayar da ita kan kantar, na ce a raina ai ƙanena ba zai yi haka ba. Mako guda na bar ledojin a wurin. A cikin makon ne Malama ta shigo, ni na miƙa mata ledar da hannuna. Da ta zo ɗaukar gawar ta tambaye ni ko ita ce ta yi sakaci, na ce mata kwana ne ya ƙare. Wallahi tun ranar ko hanyar layinsu ba na iya bi, kunya ta ishe ni.

Sai na ji daga gare ka.
Yayarka

Yaya,

Ina gaishe ki, in kina amsa gaisuwata. Na rubuto ne don in na ji muryarki ba zan iya faɗa ba.

Ni ne. Da damina ƙwari suka shiga kifin da ke sito, buhu goma sha biyu, in ka ɗaga ɗaya sai gari ya zubo. Wani mai sayar da kifi ya ce in fesa magani sama-sama, in shanya kwana uku, wai rana na cinye shi. Na fesa, na shanya, na shinshina ban ji wari ba, na niƙa. Ranar da na rubuta miki zancen maganin ɓera, kwalbar tana ƙarƙashin teburin da nake rubutu a kai. Ƙafata har taɓa ta take yi.

Na rufe injin. Kwana huɗu ina bi gida-gida ina karɓo ledoji. Wani ya zage ni, wata ta rufe mini ƙofa, duk na ji sun fi mini sauƙi a kan gidan Malama, wanda na bar shi na ƙarshe.

Ta gane ni tun daga bakin ƙofa, ta jawo mini kujera, ta ɗauka jaje na zo. Ta ce, "Ka san abin da ke cina, ɗana? Kwana biyu tana ƙin ci, ni kuma na yi ta lallashinta, ina ba ta a tafin hannuna." Yaya, da ƙasa za ta tsage da na shige. Na durƙusa na gaya mata komai, tun daga ƙwarin har kwalbar. Na ce ba hannunta ba ne, nawa ne.

Can ta ce, "Yayarka ta sani lokacin da ta ba ni?" Na ce a'a, ba ki san komai ba. Ta ce to alhamdu lillahi, ko ba komai akwai wadda za ta ci gaba da yarda da ita.

Ki bar shi a haka, don Allah. Ni na riga na zube, ke kuma mutane na kawo miki dabbobinsu.

Ki yafe mini.
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwarka, na kuma yafe.

Amma ba zan bar shi a haka ba. Gobe da ƙarfe goma zan je in gaya wa Malama na sani. Ka zo ka raka ni, don ni kaɗai zan iya juyowa daga bakin ƙofa. In mun shiga, kar ka ce uffan.

Yayarka