Gishirin da Ya Ci Motar Baba

Gidan Igwai, Sakkwato
Ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Jelani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Maimunat da yara. Inna tana gaishe ku, ƙafarta ta yi sauƙi.

Akori-kurar Baba ta tashi, Yaya. Shekara ashirin tana kwance a rumfa kaji na ƙwai a cikinta, yau ga ta ja wur. Na sa mata inji mai silinda takwas, na ciro shi daga wata jif da ta yi hatsari. In na tayar da ita sai masu shayin bakin gareji su riƙe kofunansu. Ƙanenmu Mu'az har ya fara tafiya da ƙafa ɗai-ɗai, kai ka ce shi ya ƙera ta.

Amma akwai abin da na kasa faɗa maka a waya. Ka tuna ƙiragan da Baba ke barbaɗe wa gishiri ya loda a bayanta? Ruwan nan da ke ɗiga duk a kan casis yake sauka, ƙarfen da ke ɗauke da motar gaba ɗaya. Na tarar da tsaga kusa da tayar baya. Kamata ya yi in yanke in sa sabo, sai na ga waldar da Baba ya yi da hannunsa a wurin, hannuna ya ƙi. Na cike tsagar na bi da fenti. Kunya ta hana ni gaya wa kowa.

Ƙanenka,
Maccido

Ranar Juma'a

Yaya Jelani,

Ina gaishe ka, da fatan kun tashi lafiya. Ni kam ban da natsuwa.

Jiya Inna ta zo ganin motar. Ta shafa kujerar gaba, ta ce nan take zama in Baba zai kai ta Illela wajen danginta, kuma tana son zuwa ko sau ɗaya kafin ta bi shi. Mu'az ya yi mata alkawari nan take. Na ce inji bai gama zama ba, na sa makulli a aljihu. Gaskiyar dai ban faɗa ba.

Na manta ni na koya masa haɗa waya a tayar da mota.

Yau da na dawo masallaci na tarar da wurin motar wayam, an ce Mu'az ya ɗauki Inna sun kama hanyar Illela. Inda ta tsaya akwai ɓarɓashin tsatsa, na tattara ya cika min tafi. Na kira Mu'az sau goma sha ɗaya bai ɗauka ba, ƙarar injin nan ba ta barin a ji waya. Abokina Junaidu ya tafi aron mota mu bi su. Ka san ramukan hanyar, ka kuma san ƙafar Mu'az a kan totur.

In ka ji wani labari kafin takardar nan ta iso, kada ka ɗora wa Mu'az. Ni ne.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanenka,
Maccido