Ƙuri'ar da Ta Rufe Cocin Tudu

Zuwa ga Anti Elspeth,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Na tabbata na girme ki, kuma ban taɓa zaton ina da shekara sittin da tara zan kwashe sirrin gidana in aika wa jarida ba. Sunayen duk na sauya su. Mijina dai ba ya karanta shafinki, wai na mata ne. Iyakarsa shafin rasuwa da na hasashen ruwan sama.

Garinmu ƙarami ne a bakin teku, a yammacin Scotland, amma coci biyu gare mu, na Kwari da na Tudu. Na Kwari shi ne tsohon, yana kusa da gada. Na Tudu kuwa tun rabuwar 1843 ne, lokacin da rabin gari suka fice don ba su yarda mai ƙasa ya riƙa zaɓa musu fasto ba. Kakan kakan mijina yana cikinsu. Mai ƙasar ya hana su fili, sai wani gangaren dutse da ko tumaki ba sa so, su kuwa suka yi ta ɗauko duwatsu daga bakin teku a baya, maza da mata, har suka gina. Matakala talatin da takwas ne daga titi zuwa ƙofa. Manyan ɗarikun biyu da suka rabu sun shirya tun 1929, amma mu nan kamar labarin sulhun bai iso ba tukuna. 'Yan Tudu suna cewa 'yan Kwari barci ke kai su coci, 'yan Kwari kuma suna cewa 'yan Tudu gani suke sun riga kowa yin rabin hanyar sama.

Ni 'yar Kwari ce. A can aka yi mini baftisma, benci na huɗu gefen taga shi ne na gidanmu. Da na auri Lachlan na bi shi Tudu yadda ake yi, yau shekara arba'in da huɗu. Har yanzu in biskit ɗina ya ƙone ranar shayin coci sai wata ta ce, “Ku yi mata uzuri, 'yar Kwari ce.”

Lachlan shi ne mai hidimar cocin, aikin da ya gada daga ubansa, uban kuma daga nasa uban. Kowace Lahadi, saura minti biyu sha ɗaya, zai fito rungume da babban Littafi Mai Tsarki kamar an ba shi jariri, ya hau mumbari, ya ajiye, ya buɗe, ya sauko ya rako fasto, wadda mace ce, ya rufe mata ƙofar mumbarin. Sai an yi haka sujada za ta fara. Mutum ne mai taurin kai da gunaguni, amma Anti, har yau in na gan shi yana hawan nan sai in ji ina son shi kamar ranar farko.

Bara majalisar ikilisiyoyin yankinmu ta ce dole mu haɗe. Fasto ɗaya ke zagaya coci huɗu, mu kuma duk furfura. Gini ɗaya za a riƙe, ɗayan a sayar, kuma ƙuri'ar asiri ce za ta raba gardama. Lachlan ya zauna ya ƙirga kawuna: Tudu talatin da ɗaya, Kwari talatin. Har tsohuwa Effie ya sa aka ɗauko daga gidan kula da tsofaffi, maza huɗu suka ciccibe ta da kekenta. Da aka buɗe akwati sai ga Kwari talatin da ɗaya, Tudu talatin.

Anti, ni ce.

Da sanyin da ya wuce na tsaya a taga ina kallonsa yana zuba gishiri a matakalan nan don kada ƙanƙara ta ka da mutane. Sau uku yana tsayawa ya huta. Wata Lahadi kuma gwiwarsa ta lanƙwashe a matakalar mumbari, ya gwammace ya bugu da ya saki Littafin, ya yi sati biyu hannunsa a kumbure yana cewa ƙofa ce ta buge shi. Na gaya wa kaina dominsa na yi. To amma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in ƙarasa ta: da na riƙe fensirin kaɗa ƙuri'ar nan, bencin mahaifiyata na gani. So nake in koma in zauna a inda take zama kafin in mutu.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Amma Lachlan ya ɗauki laifin ya ɗora wa Murdo, amininsa tun firamare, dattijon ikilisiyarmu, wanda kowace Lahadi yake miƙo masa alewar na'ana'a in wa'azi ya yi tsawo. Laifin Murdo kawai ya taɓa cewa cikin wasa, “Kai Lachlan, matakalan nan su za su kashe mu kafin ajali.” Wata uku ke nan ko gaisuwarsa Lachlan ba ya amsawa. Murdo ya zo har ƙofar gidanmu cikin ruwan sama, hula a hannu, ya ce, “Da hannun nan nawa na zaɓi Tudu. Kawo Littafin naka in dafa.” Lachlan ya ce, “Bar shi, kada ka ƙara zunubi a kan zunubi,” ya tura ƙofa. Sannan ya juyo ya dube ni ya ce, “Ke kaɗai na yarda da ke a garin nan, Ishbel. 'Yar Kwari ce ke, amma kin fi 'yan Tudu riƙon amana.” Ina tsaye da butar shayi, sai kawai na zuba masa na koma kicin.

Saura sati uku a yi sujadar ƙarshe. An shirya za a sauko a jere zuwa Kwari, Lachlan a gaba da Littafin, Murdo a gefensa da kofunan jibin Ubangiji. Lachlan ya ce shi ba zai jera da maci amana ba. In na yi shiru, ya rasa amininsa saboda ni. In na faɗa, ina tsoron ba zai ƙara dubana da idon da yake dubana ba. Yaya zan yi?

Taki,
'Yar Kwari a Tudu

Zuwa ga 'Yar Kwari a Tudu,

'Yar'uwa, ki gaya masa, kuma cikin makon nan. Maigidanki ba ya karanta shafina, na ji, na kuma yafe masa. Amma matar da ke sayar masa da jaridar tana karantawa, kuma ba na jin akwai gari na biyu mai matakala talatin da takwas. Gara ya ji daga bakinki da ya ji a layin sayen burodi.

Ba ki yi laifi da kika zaɓi Kwari ba. Ƙuri'arki ce, an kuma yi ta ta asiri ne don kowa ya zaɓi abin da ke ransa, har da matan aure. Da ba a ɗora wa kowa ba, da na ce ki riƙe abinki. Laifin ya fara ne ranar da Murdo ya tsaya a ƙofarku yana jiƙewa kika bar shi ya koma da abin da ba shi ya yi ba.

Shi ma Lachlan kada ki yi masa kallon mai rigimar banza. Hannun ubansa da na kakansa ne a kan wannan ƙofar mumbari. Makoki yake yi, kuma maza irinsa fushi ya fi musu sauƙi a kan kuka, shi ya sa ya nemi wanda zai yi fushi da shi.

Ki zaɓi ranar da babu hidimar coci, da rana, bayan ya ci ya ƙoshi, ku biyu kawai. Kada ki gayyato fasto, wannan maganar miji da mata ce. Kada kuma ki tsaya a zancen gwiwa. In kika ce don tausayinsa kaɗai kika yi, kin faɗi rabin gaskiya, kin kuma mayar da shi abin tausayi, wannan kuwa zai fi ƙuri'ar yi masa ciwo. Ki faɗa masa duka biyun yadda kika faɗa mini. Zai yi fushi, wataƙila ya yi kwanaki ba ya magana. Ki bar shi, ki ci gaba da dama masa kununsa na safe. Bayan nan ki tafi wurin Murdo da ƙafarki ki ba shi haƙuri. Ban-haƙurin Lachlan kuwa shi zai kai wa Murdo kayansa, kada ki kai masa, kada ki tura shi. Sannan a yi magana da dattawa tun yanzu a san wace Lahadi ce tasa ta ɗaukar Littafi a Kwari, don kada ya sauko ya tarar ba shi da abin yi.

Ba zan yi miki alkawarin zai dube ki da idon da ba. Ina fatan ya dube ki da wanda ya fi shi, domin matar da yake yabo yanzu bai gama saninta ba. Shekara arba'in da huɗu bai taɓa tambayarki ko kina kewar cocinku ba, ke ma ba ki taɓa gaya masa ba. Nan da sati uku zai bar wurin da ya tashi a ciki ya zauna cikin mutanen da za su riƙa zolayarsa, kuma a duk garin nan ke kaɗai kika san yadda ake yin haka a rayu. Kin yi kina da shekara ashirin da biyar, dominsa. Yanzu shi ne amaryar, ki riƙe masa hannu.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ba ki ƙarfin buɗe baki, ya kuma sauko da ku ukun lafiya.

Anti Elspeth