Hajiya ta hana ni zuwa duba matar da ta goya ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ina roƙo kada kowa ya zagi mahaifiyata, ba don haka na rubuto ba.

Ni ɗan Daura ne, na gama digiri, yanzu ina koyarwa a wata sakandare. Ni ne ɗan fari, Hajiya kuma irin matan nan ce masu tsananin alkunya, ba ta taɓa kiran sunana ba, ban kuma tuna ranar da ta ɗauke ni ba. Wadda ta goya ni mai aikinmu ce, zan kira ta Inna, 'yar wani ƙauye ce bayan Sandamu. Ita ke yi min wanka, ita ke ɓoye min ƙanzon tuwo, in zazzaɓi ya kama ni a bayanta nake wuni.

Ina aji uku na ƙaramar sakandare, gab da jarrabawa, na roƙi Inna ta karɓo min rubutu wajen malam, ta karɓo na sha. Ƙanwata ta gani ta faɗa. Hajiya ta ce dama ta sani, asiri ake yi min don a raba ni da ita. Aka tsayar da ni gaban Alhaji, mahaifina, aka tambaye ni ko Inna ta ba ni wani abu na sha, na ce e. Ban yi ƙarya ba, amma tsoro ya hana ni cewa ni na roƙa. Hajiya ta watso kayanta tsakar gida, ta sa aka zazzage zannuwanta ɗaya bayan ɗaya a gaban maƙwabta, wai ana neman laya. Inna kuwa ni kawai take kallo. Ko la'asar ba a bari ta yi a gidan ba.

Watan jiya ɗan ƙanin Inna ya same ni a makaranta, ya ce Inna ta makance, tana kwance, duk wanda ya yi sallama sai ta tambaya ko ni ne. Wataƙila kuskurena shi ne da na nemi izinin Hajiya, don ban saba yin abu a ɓoye ba. Ta ce in na taka ƙauyen nan ba ta yafe min nonon da na sha ba, duniya da lahira, kuma mayya in ta mutu ai gari ya huta.

Na kai kukana wajen Gwaggo, yayar Alhaji. Sai ta ce wane nono. Wai da aka haife ni tsofaffi sun gwada nonon Hajiya irin yadda ake yi da, aka tatsa aka jefa cinnaka a ciki ya mutu, sai aka ce nonon ba shi da kyau. Lokacin Inna na da goyon 'yarta wata bakwai. Aka sa ta yaye yarinyar aka kai ta ƙauye don nonon ya ishe ni, kuma yarinyar ba ta ga damina ba. Ban sani ba ko yayen ne sanadi, Allah kaɗai Ya sani, amma tun da na ji abinci ba ya wuce min da daɗi.

Ina ganin ita ma Hajiya an cuce ta, an ƙwace mata ɗa ranar farko, al'ada kuma ta hana ta nuna ya dame ta. Na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce Inna uwata ce a shari'a kuma yanke zumunci haramun ne, ɗayan ya ce in lallashi Hajiya tukuna. Na lallasa sau uku, na ƙarshen ta tashi ta bar min ɗakin. Alhaji kuwa ya ce maganar mata ce, kada in sa shi ciki.

Shekaranjiya aka aiko cewa Inna ta daina karɓar ko kunu. Na hau babur har na wuce Sandamu, sai na tuna maganar Hajiya na juyo.

'Yan uwa, in je a ɓoye in ɗauki bakin Hajiya, ko in faɗa mata abin da Gwaggo ta gaya min, alhali na san zai tona mata ciwon da ta binne kusan shekara talatin? Ko in yi biyayya in zauna, har a aiko min da saƙon da nake tsoro? Don Allah wanda zai amsa ya amsa yau.