Auren Kinanti Ba Rumfa

Bandung

Ibu, mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, da ke da yayana Mas Galih da iyalinsa. Na zaɓi rubutu ne don in na ɗauko zancen a waya sai ki koma ba ni labarin kaji.

Ni da Damar mun tsai da magana. Talatar farko ta watan gobe za a ɗaura mana aure a ofishin ɗaurin aure na unguwarmu. Ba rumfa, ba makaɗa, ba mai kwalliyar da za ta shafe ni da hoda har ki kasa gane ni. Ƙawayena biyu haka suka yi bara, suka ɗauki hoto a gindin ayaba bayan ofis, aka je aka ci taliya a bakin titi, kuma aurensu na nan daram. Mu ma haka muke so. Ki zo, ki sa mana albarka.

'Yarki,
Kinanti

Wonosari

Kinanti,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, na karanta a tsaye.

Tun kafin a haife ki nake yanka albasa a bikin 'ya'yan mutane. Babu gidan da ban kwana a bakin murhunsa ba a ƙauyen nan. Matan nan jira suke ranarki ta zo su rama mini, ke kuma kin ce taliya a bakin titi. Jiya Bu Warsi maƙwabciyarmu ta ja ni gefe, ta ce, "Tumini, ko dai yarinyar ta yi nauyi ne?" Kin ji abin da ake faɗa a kan auren da ba a tara jama'a ba.

Yayinku na birni ne, ni ban san shi ba. Ba zan zo ba. Allah ya shirye ki.

Mahaifiyarki

Bandung

Mas Galih,

Ina gaisuwa, yaya matarka Anti da jariri? Tunda Baba ya rasu kai ne waliyyina, don haka ka saurare ni.

Ba ni da ciki, ka faɗa wa Bu Warsi ta kwantar da hankalinta. Kuma ba don hoto nake yi ba. A bikinka kana can kan kujerar ango ana yi maka fifita, ni ce a bayan gida lokacin da Ibu ta yanke jiki ta faɗi tsakanin tukwane. Ni na riƙe kanta a bayan motar ɗaukar kaya har asibiti, leɓenta ya yi shuɗi. Likita ya ce zuciya ce, kada ta ƙara irin wannan wahala. Ka san ta. In aka kafa rumfa, ko ɗaure ta aka yi sai ta kwance ta je ta leƙa shinkafa. Gara ta yi fushi da ni tana numfashi.

Zan zauna a bencin ofishin nan ranar Talata har a rufe ƙofa. Ko ka zo ko kada ka zo, rumfa dai babu.

Ƙanwarka

Wonosari

Uwar taurin kai,

Muna lafiya, jariri ya fara cizo, halinki ya ɗauko.

Kada ki zage ni, na karanta wa Ibu abin da kika rubuto. Tana tsintar wake, ba ta ɗago ba. Da na kai ƙarshe ta ce, "Au, tsoron mutuwata take yi?" Na ce da alama. Ta ce, "To ta faɗa mana, sai ta tsaya kawo mini zancen ayaba." Ta ture faifan, ta yafa mayafi ta fita.

Tun daga ranar matan layinmu ke shige da fice a gidan Bu Warsi. In na doso sai su yi tsit. Na tambayi Anti, ta ce ba ruwan maza. Ni dai zan zo, har na ba da rigata guga. Sauran kuma ki shirya, don ban san me suke ƙullawa ba.

Yayanki,
Galih

Wonosari

Kinanti,

Ina gaishe ki. Rumfa na haƙura, makaɗa na haƙura. Amma 'yata ba za ta ci abincin bakin titi ranar aurenta ba.

Mu tara ne, za mu shigo jirgin ƙasa ranar Litinin da tukwanenmu. Sun sa na rantse ba zan taɓa ko ludayi ba. Kujera za su ba ni in zauna ina faɗa. Warsi ce za ta riƙe murhu, ta ce da bakinta ta ɓata miki suna, da hannunta za ta gyara.

Ki nemo mana tabarmi da inda za a hura wuta. Ki ce wa Damar ya aske sumar nan. Fushina bai gama hucewa ba, amma ki zo tasha da wuri, kayan da nauyi.

Mahaifiyarki