Inuwar Darbejiyar Gidanmu

Talata Mafara,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga Yaya Misbahu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya Ibadan, yaya kasuwa, yaya kuma ƙafar nan taka? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan sai godiya. 'Yata Husna ta koma makaranta. Inna Nagode, mahaifiyar marigayi maigidana Ɗantala, tana tare da ni, tana ɗan taɓa abinci, sai dai magana ce ta yi mata wuya tun ranar da aka kawo mana gawarsa daga hanyar gona.

Saƙonka ya iso, cewa tunda na fita takaba in tattaro in taho, har ka sa an share mini ɗaki. Wallahi sai da na yi kuka, don na san zumunci ne ya sa. Amma Yaya, ba zan taho bana ba. Ka ji dalilina kafin ranka ya ɓaci.

Ka tuna ina budurwa ni ake kira in yi wa ɗakin amare ado da farar ƙasa da shuni? Da na yi aure hidima ta sha kaina, na ajiye. To a unguwar da muka samu mafaka akwai wata Malama Zahra'u, mutuniyar Bakura, tsohuwar malamar firamare. Ta buɗe ajin zane da fenti don manyan mata irina, waɗanda suka taɓa yi suka bari. Akwai mai zanen ƙwarya daga Tsibiri, akwai mai zanen hula daga Birnin Tudu. Ranar farko duk muka duƙufa a gefen kwali muna 'yan ƙananan zane kamar masu ƙunshi, kowa na ɓoye nata da mayafi. Malama ta yi dariya, ta ce hannunmu bai manta komai ba, kunya ce ta ɗaure shi. Sai ta ƙwace fensir, ta ɗaura wa kowa buroshi a kan dogon kara, ta ce mu yi a tsaye. Ba gogewa, kuma ita ba ta taɓa kwalin kowa. Ta ce kada mu fara da abin da muke son zanawa, mu fara da inuwarsa, shi abin zai fito daga baya.

Da ta ce kowa ta zana wurin da ta fi sani, na ɗauko gidanmu na Gidan Goga. Ka san da muka gudo ba mu fito da hoto ko ɗaya ba, kuma an ce mini rufin ma ya rufta. Na yi zaure, na yi rumbu, na yi darbejiya. Da na zo gindinta, inda Ɗantala yake zama yana tufka igiya, hannuna ya tsaya. Makonni na bar wurin fari fat. Na gaya wa Malama ni ba na zana mutum, ko da ina yi ma ba zan iya wannan ba. Ta ce ba ta ce in zana shi ba, in tambayi kaina me inuwar take rufewa a wurin. Sai na sa tabarmarsa, da buta, da igiyar da bai gama ba.

Na kai zanen gida na jingine. Inna Nagode ta daɗe tana kallo, har na yi nadamar kawowa. Can sai ta ce na yi kuskure, ai ɗanta ba ya barin tabarma a nan in inuwa ta karkata haka, yakan ja ta wajen rumbu, kuma wace irin mata ce ba ta san wannan ba. Yaya, faɗa take mini, ni kuwa daɗi ya cika ni, don rabon da in ji ta haɗa magana mai tsawo haka tun kafin rasuwar. Washegari ta ɗauki sandarta ta bi ni aji, wai kada in sake ɓata mata gida. Yanzu ita ke faɗa ni ke zanawa. Mun yi rijiya, mun yi turken awaki, saura hanyar gona, wadda har yau ba mu iya ba, amma za mu yi ta in Allah Ya yarda.

In na taho yanzu, ita ba za ta iya tafiyar ba, sai ta koma shirunta, ni kuma garinmu ya ƙarasa gogewa a kaina. Husna ta fara mantawa. Ina son ta san inda aka haife ta ba daji ba ne, gida ne mai shara da inuwa. Don haka ka yi haƙuri, ka ba yara ɗakin nan.

Ka gaishe mini da Anti Ikilima, da Fa'izu, da Fatima da jaririnta, Allah Ya raya. Inna da Husna suna gaishe ku. Ka ci gaba da sa Ɗantala a addu'a. Kuma in ka ba da amsa, ka faɗa mini, ƙofar rumbun Baba gabas take kallo ko kudu? Gidanmu na haihuwa zan yi in na gama wannan, kuma kai kaɗai ka rage da zan tambaya.

Wassalam.

Taka ƙanwa,
Taibatu